Maɓallan Yusha'u

Faɗan da muka yi da Yusha'u a kan karta ne, kuma ni na tsokane shi. Satina biyu da sauka a Kuala Lumpur, na zo yi wa 'yata Hussaina wankan jego. Na sauko daga benenmu na unguwar Cheras bayan la'asar don in miƙe ƙafa, sai na hango Bahaushe da hularsa a tsakiyar tsofaffin 'yan Sin uku, yana riƙe da kati.

"Kai, ɗan wane gida ne kai? Jirgi ka hau ka ƙetare ruwa don ka zo caca?"

Ya miƙe ya rusuna. "Barka da yamma, Iya. Ba kuɗi ba ne, duba ki gani, maɓallan riga ne."

"Yau maɓalli, gobe rigar ce za ta tafi," na ce. Na yi ta zazzaga masa, kansa a ƙasa. Wannan sunkuyar da kan ya fi kartar ba ni haushi.

Mutumin Gwarzo ne. Karatu ya kawo shi, da ya gama sai ya zauna yana gyaran keken ɗinki a shagon wani tela a Jalan Masjid India. Kunne yake sa wa keke ya faɗi ciwonsa tun bai kwance shi ba. Matarsa Bashira ta je gida haihuwa ta biyu, ba ta tashi ba, ita da abin da ke cikinta. 'Yarsu Fatiha, mai shekara huɗu a lokacin, sai yayansa Abdulmajid ya riƙe ta. Abdulmajid ɗin shi ya raini Yusha'u bayan rasuwar mahaifinsu. Shekara uku ke nan, duk ranar da Yusha'u ya ɗauko maganar a ba shi 'yarsa, sai yayan ya ɗaga murya a waya: wa ya saya maka takalmin makaranta, wa ya kai ka asibiti. Sai Yusha'u ya ce, "Allah ya huci zuciyarka, Yaya," ya ajiye wayar. Yarinyar har ta fara kiransa kawu.

Ran Lahadi kaɗai yake hutu, shi ne yake zama da tsofaffin nan. Wasan foka suke ce masa. Kowa a ba shi kati biyu ya ɓoye, sannan a buɗe uku a tsakiya kowa ya gani. Daga nan sai zubi, kuma ba iyaka, mutum na iya tura duk abin da ke gabansa. Wanda aka tura wa, ko ya biye, ko ya yar da katinsa ya haƙura. Akwai wani Baba Wong, tsohon direban tasi mai haƙori ɗaya na zinariya. Da an buɗe ukun nan sai ya daki tebur ya turo tulin maɓallai gaban Yusha'u. Shi kuwa sai ya sunkuyar da kai ya yar da kati.

Lahadi uku ina zaune a gefe da carbina. Ban san sarki ba ban san bawa ba a kati, amma shekara arba'in na yi ina sayar da atamfa, na san fuskar mai tayi da aljihu wayam.

"Zo nan," na ce masa a ta uku. "Tsohon nan in yana da kaya shiru yake yi, ya tura a hankali. In ya daki tebur babu komai a hannunsa. Kuma kai kaɗai yake yi wa, ka ga yana yi wa 'yan uwansa?"

"Na sani, Iya."

"Ka sani?"

"Tun bara. Sa'an babana ne. In na biye shi dole ya buɗe katinsa a gaban mutane, a ga ba shi da komai. Ta yaya zan kunyata dattijo?"

Na daɗe ina kallonsa. Kara yake yi wa mutumin da bai taɓa jin labarin kara ba. "Shi fa bai san girmama shi kake yi ba," na ce. "Matsoraci ya ɗauke ka."

Lahadi ta gaba aka buɗe kati uku, Baba Wong ya daki tebur ya turo duka. Yusha'u ya dube ni. Ya tura nasa. Aka buɗe sauran, sai ga tsohon da sarakuna uku. Ran nan kam da kaya a hannunsa ya daki teburin, tsohon banza, ashe ya lura ina kallonsa. Ya kwashe maɓallan tas, ya bushe da dariya, ya dafa kafaɗar Yusha'u yana cewa "Boleh lah!", wato ashe ka iya, ya aika a kawo wa Yusha'u shayi daga kedai, shagon mai shayinsu. Shekara biyu suna zama tare, bai taɓa saya masa ko ruwa ba.

"Hasashena ya kuskure," na ce. "To an cinye ka. Wace gaɓa ce ta fita daga jikinka?"

Ya ce, "Babu, Iya."

Ran Juma'a bayan la'asar ya zo falon Hussaina ya kira Kano, ya buɗe muryar wayar. Ya gaida yayansa, ya tambayi gida, sannan ya ce yana son 'yarsa. Abdulmajid ya fara, takalmi da asibiti da butulci. Yusha'u ya bari ya gama.

"Gaskiya ne, Yaya, ba zan iya biyanka ba. Ina son 'yata."

Sau uku ya faɗa, murya ba ta hau ba, ba ta sauka ba. Can Abdulmajid ya ce, "In kai ka haife ta, zo da ƙafarka ka ɗauke ta." Ya san azumi ya ƙarato, lokacin da teloli ba sa ɗaga kai, ya kuma san mai shago ba zai ajiye wa kowa gurbi ba.

"To, Yaya. Ina nan tafe."

Mai shago ya ce in ya tafi kar ya dawo masa. Yusha'u ya tattara kayan aikinsa a jaka, ya kai wa Baba Wong gwangwanin maɓallan ya ajiye masa. Bayan tafiyarsa ban sake ganinsa ba, domin kafin ya dawo na koma gida. Hussaina ce ta turo mini hotonsa bayan Sallah, yana riƙe da hannun yarinya mai kitso a bakin benenmu. Aiki kuwa, ta ce, har lokacin nema yake.

Ranar da zai tafi ya zo sallama, ya durƙusa a bakin ƙofa yadda ya saba. Na ce masa, "In ka shiga gidan, haka za ka durƙusa masa, yayanka ne, kuma ya yi maka abin da ya faɗa. Ka bar shi ya yi faɗansa har ya gaji. Amma kar ka tashi daga wurin sai hannun Fatiha na cikin naka."