Ranin da Na Hana Tsoho Ruwa

Ko zan shekara ɗari ina rubuta wa kwamfuta umarni, ba zan manta ranin da na hana wani tsoho ruwa ba tare da na sani ba.

Lokacin gama karatuna ke nan, kaina cike da iska. Manoman rani na ƙauyenmu, kusa da Gwaram, injin ban-ruwa ɗaya gare su, kuma wata tsohuwar manhaja ce ke fitar da sunan wanda zai yi amfani da injin kowace rana. Wani malami a Birnin Kudu, wanda ya daɗe da yin ritaya, shi ya rubuta ta da yaren kwamfuta mai suna BASIC tun ina firamare. Da aka sami sabuwar kwamfuta, sai aka ce ni ɗan boko in mayar da ita wani sabon yare mai suna Python. Cikin kwana biyu na kwafe ta layi-layi, ina ta hura hanci.

Bayan mako biyu shugaban manoma ya tare ni a bakin masallaci. Ya ce albasar Baba, wanda ya girmi kowa a garin, ta fara kwanciya don rashin ruwa. Sunansa bai fito ba ko sau ɗaya, shi kuwa bai kai kuka wurin kowa ba. Na duba aikina har idona ya yi ja, ban ga kuskure ba. Dole na hau motar Birnin Kudu.

Na tarar da Malam kan tabarma yana ɓarar gyaɗa. Da na zayyana masa matsalar, ya ce shi bai taɓa ganin Python ba. Ko kallon kwamfutar bai yi ba. Sai ya jera ƙwayar gyaɗa biyar a gabana.

"Ga manomanka. A wannan yaren naka, nuna min lamba ɗaya."

Na kai yatsa kan ta biyu.

"Ta farkon fa?"

"Ita sifili ce, Malam. Python daga sifili yake fara ƙirga."

Ya yi murmushi. "To, ni na ce a fara daga ɗaya, kai ma ka kwafa haka. Amma ɗayana shi ne na farko, naka na biyu ne. Wa kuke sawa farko a garinku?"

Babba muke sawa, don girmamawa. Har yau ina jinjina wa mutumin nan. Yaren da bai sani ba ya kamo da gyaɗa biyar, kuma bai yi min dariya ba, ko da yake na cancanta.

A nan na gyara, na koma gida kai tsaye wurin Baba. Rabin albasarsa ta riga ta tafi. Na durƙusa na yi bayani gwargwadon iko. Ya saurara, sannan ya ce a hankali, "Alhamdulillahi. Ni na zaci shawara kuka yi, kuka ga na tsufa da noma."

Kunya ta kama ni har na kasa ɗaga kai. Mako biyu yana ɗauke da wannan a ransa saboda lamba ɗaya.

Tun daga ranar na gane cewa sauya wa manhaja yare ba kwafe kalmomi ba ne, sai ka san yadda kowane yare ke tunani. Kuma ba na sakin aiki sai na gwada shi da hannu, na tabbatar na farko da na ƙarshe suna nan, domin kowace lamba mutum ce.