Turmin Kaka Ya Sauko Ƙasa

Yau da hantsi ina wanke kofuna na ji dukan taɓarya daga filin bayan gidanmu, sai na tsaya da kumfa a hannu ina ta murmushi ni kaɗai. Bari ku ji dalili.

A gidan council na tashi, wato benen haya na hukuma, hawa na bakwai, nan unguwar Peckham a ƙasar Turawa, ni da Mama da Kaka. Kaka da turminta ta zo daga Zariya, a naɗe cikin zannuwa, don ita a wurinta yajin blender ba yaji ba ne. To amma da ta saki taɓarya sau uku, sai mutumin da ke ƙasa da mu ya hau zungurar silin da sanda. Muka shimfiɗa bargo, muka sa matashi, duk a banza. Da wasiƙar council ta zo, turmi ya koma bayan ƙofa a kife. Duk hunturu Kaka kan shafa masa mai kada ya tsage, ta ce da ni, "Ke dai ki yi karatu, ki samo mini ƙasa."

Da na tashi sayen gida Kaka ta haura tamanin, hannunta ya fara rawa, ni kuwa tsorona kada in makara. Duk gidan da na je dubawa, dillali na yabon kicin, ni ina leƙen filin da ke baya.

Wannan gidan da na saya a ƙarshe na wata tsohuwa 'yar Jamaica ne. Iyayenta suka saya tun zamanin da ake hana baƙar fata hayar ɗaki a garin nan, kuma ta rantse ba za ta sayar wa mai yanka shi flat-flat don haya ba. Da kunya na tambaye ta ko maƙwabta za su damu da ƙarar daka. Matar nan ta yi dariya har da dafa bango, ta ja ni bakin matakala, ta nuna mini wani lotsi a siminti.

"Nan mahaifiyata take ajiye nata turmin," in ji ta.

Unguwa ta canza, shagunan kofi sun kutso tsakanin masu doya da masu kitso a titin Rye Lane. Kaka ma ba ta iya ɗaga taɓarya ita kaɗai, sai da 'yata, wadda ake yi wa Hausa tana amsawa da Turanci. Yajinsu duk tsaki ne, wallahi, amma na fi son sa da kowane. Suna ta daka a kan lotsin nan, kuma a ƙarƙashinsu babu kowa sai ƙasa.