Shafin da Gitel Take Tsallakewa

Shekara talatin Gitel Rozenblum ta yi tana ɗinki a masana'antar tufafi da ke tsakiyar birnin Melbourne na Ostiraliya, kuma har ta tsufa ba ta yarda akwai yagar da ta fi ƙarfin allurarta ba. Tana 'yar shekara goma sha ɗaya ta sauka daga jirgin ruwa ita kaɗai. Lokacin Yaƙin Duniya na Biyu wani manomi ne ya ɓoye ta a ɗakin ajiyar dankali a Poland, yayarta Perla kuwa sojojin Jamus suka tafi da ita tare da sauran Yahudawan garin. Wannan zance Gitel ba ta yin sa da kowa. Ka tambaye ta, sai ta tura maka kwanon miyar kaza ta ce ka rame.

Duk Juma'a da yamma ake kawo mata jikarta, Perla ƙarama, 'yar shekara shida mai bakin tsiya. Gitel tana ce mata "Yaya", ta kuma gaya mata ainihin yayar tana can ƙasarsu ta dā, nisa ne ya hana ta zuwa.

Sai ga makaranta ta ba yarinyar aron wani littafi mai hotuna, labarin 'yan'uwa mata biyu a zamanin yaƙin. Mako uku Gitel tana karanta mata. In ta zo shafi na kusa da ƙarshe sai ta haɗa shi da na gaba ta juya, ta ƙaro nata: jirgin ƙasan da ya tafi da babbar ya tsaya, ta sauko, aka yi ta murna. Tsoronta ɗaya ne, kada yarinyar nan ta san abin da ita ta kasa ɗauka har yau.

A Juma'a ta huɗu Perla ta dafe littafin.

"Kaka, kina cuta. Shafi biyu kike kamawa."

"Ji min 'yar nema! Yatsun ne suka tsufa."

"To kawo. Ai yanzu na iya."

Ta ɗora yatsa tana bin kalmomin ɗaya bayan ɗaya, tana tuntuɓe tana tashi. Gitel ta ce burodi zai ƙone, ta ce lokacin kunna kyandir na shigowar Asabar, ranar hutun Yahudawa, ya kusa, duk a banza. Tana ji tana gani yarinyar ta kai inda aka rubuta cewa babbar ba ta dawo ba.

Perla ta ɗago.

"Malama ta ce mu Yahudawa ba ma sa wa jariri sunan mai rai. To ni sunan wa na ci?"

"Na yayata."

"Wadda kika ce tana ƙasarku?"

"Tana can ɗin. Ban dai san inda aka sa ta ba."

Gitel ta nemi ƙaryar da za ta rufe wannan, ta rasa.

"Shekararta nawa?" in ji Perla.

"Bakwai."

Yarinyar ta ƙirga a yatsunta, ta sake ƙirgawa.

"Kaka, in na kai takwas na girme ta ke nan?"

"E, Yaya," in ji Gitel. "Kin girme ta."