Rijiyoyin da Suka Yi Ƙaura a Cikin Kwamfuta

Shekarar da na yi aiki da wata ƙaramar ƙungiya mai haƙa rijiyoyin burtsatse a ƙasar Daura, aikina zama ne gaban kwamfuta. Muna da wata manhaja ta kyauta mai ɗaure bayanai da juna: wannan rijiya ta ƙauye kaza ce, ƙauyen yana gunduma kaza, wane ke gyaranta. A buɗe manhajar take, kowa na iya leƙa cikinta, masu sa kai ne daga ƙasashe daban-daban ke kula da ita. Lokaci-lokaci sukan turo sabuntawa, in danna, in ci gaba da aikina.

Mu biyu ke iya taɓa bayanan, ni da wani dattijo mutumin Sandamu, tsohon malamin firamare, wanda ke zagaya ƙauyuka a kan babur, Malam muke ce masa.

Wata Litinin, saura kwana uku a zauna a zaɓi inda za a haƙa sabuwar rijiya, na ga wani ƙauye na wajen garin Babban Mutum da rijiya biyar. Ni uku na sani. Wani kuma na wajen Sandamu, mai biyu, ya koma ba ko ɗaya, ya haye saman jerin mabukata. Ƙauyen surukan Malam ne, mahaifar matarsa Hajiya.

Na canja kalmar sirri, na zauna ina lura da shi. Ko waya ya fita amsawa sai in kasa kunne. Da azahar na tambaye shi a kaikaice.

"Malam, ƙauyen su Hajiya rijiya nawa ne ma?"

"Biyu," ya ce, bai ko ɗago kai ba. "Ɗayar famfonta na wasa."

Amsar ba ta kwantar mini da hankali ba. Na ce a raina ai dole ya faɗi haka.

Washegari na buɗe tarihin canje-canje don in kama shi da hujja. Babu hannun kowa. Rijiyoyin sun tashi ne daidai mintin da ni kaina na danna sabuntawa. Na daɗe ina kallon sunayen ƙauyukan biyu kafin in gane: iri ɗaya ne, sai dai ɗaya da ƙ mai ƙugiya, ɗaya da k. Sabuwar manhajar ta daina bambanta su.

Na rubuta wa masu ita. Wani da ban san ko daga wace ƙasa yake ba ya nemi in turo masa bayananmu duka. Shi ma ban yarda da shi ba, sunaye biyun kawai na ba shi. Bayan kwana biyu ya turo gyara, ya ba da haƙuri. Sai da na gwada a tsohuwar kwamfuta sau uku kafin in sa a ta ofis. Da aka zauna, sabuwar rijiyar da za a haƙa wani ƙauye can daban aka ba.

Da na miƙa wa Malam sabuwar kalmar sirri a takarda, ya duba, ya mayar mini.

"Riƙe abinka. Tun Litinin na gwada ta ƙi buɗewa."

Daga nan a littafi yake kawo mini rahotonsa, ya sa hannu a ƙasan kowane shafi, ya tsaya har in gama shigarwa. Haka muka yi har aikin ya ƙare.