Kalmomin Ciwo a Bakin Katsinawa

Ina aikin jera littattafai a ɗakin karatun da nake aiki wata dattijuwa ta shigo, ta tsaya a gaban teburina riƙe da lema. Bayan mun gaisa ta ce ita ma'aikaciyar jinya ce da ta yi ritaya, mutuniyar Filato, amma a unguwar Kambarawa, nan Katsina, ta haifi 'ya'yanta duka.

"Malam, littafi nake nema," in ji ta. "Wanda ya tara sunayen ciwo yadda mutanen garin nan ke faɗinsu."

Na duba duk inda zan duba, babu. Sai ta zauna ta ba ni labari. Jikarta ce ta fara aikin jinya, wata mai ciki ta ce mata zaƙi ke damunta, yarinyar ta ɗauka ciwon suga take nufi. Matar kuwa tsoron doguwar naƙuda take yi, don a bakin matan nan zaƙi shi ke kawo ta.

A lokacin mun buɗe wiki na ɗakin karatunmu, wato shafin intanet da kowa ke iya rubutu a ciki, wani ya zo ya gyara ko ya ƙara. Babu abin da ke cikinsa sai lokutan buɗewa da rufewa. Na ce, "Mama, tunda babu littafin, mu rubuta shi mana."

Ta yi dariya. "Ni da ko saƙon waya jikata ke tura mini?"

"Ke faɗa, ni in buga."

Haka muka fara. Takan zo da hantsi, ta faɗi kalma, ta faɗi yadda mara lafiya ke nuna wurin da hannu, ni kuma in rubuta. Kurga, tamowa, shawara, amosani. Muka rubuta cewa idan tsohuwa ta ce zahi, ba lallai zazzaɓi take nufi ba, a ƙara tambayarta. Na koya wa masu zuwa karatu yadda ake shiga shafin, ɗaliban jinya suka fara saka nasu.

Rigima ta tashi a kan kalmar rana. Wani likita ya shiga ya rubuta cewa basir ne kawai. Wata ungozoma ta Ƙofar Kaura, da 'yarta ke karanta mata shafin, ta sa aka goge, aka rubuta ciwon yara ne mai zuwa da gudawa. Likita ya mayar, ta sake gogewa. Shugabana ya kira ni ofis, ya ce abin da yake gudu ke nan, a rufe shafin kafin a jawo mana magana.

Na roƙe shi ya ɗan saurara. Na gayyaci su biyun, Mama ta zauna a tsakiya. Ungozoma ta dubi likita ta ce, "Ɗana, kai abin da ka gani kake faɗi, ni abin da uwar yaro ke nuhi nike faɗi." Likita ya ce to ai duka biyun ma'aikaci ke buƙata. A nan muka raba kowace kalma gida biyu: abin da mai magana ke nufi, da abin da ya kamata a bincika a asibiti. Likitan da kansa ya bi tsofaffin kalmomin ya cike gida na biyun.

Shugabana bai sake zancen rufewa ba. Har ya sa aka ƙara mana kwamfuta ɗaya.

Na yi shekaru ina miƙa wa mutane abin da wasu suka rubuta a nesa. Wannan kam a ɗakinmu aka yi shi, da bakin mutanenmu, kuma ina alfahari da hakan ba kaɗan ba. Kwanaki na kai mahaifiyata asibiti, na hangi wata ma'aikaciya tana duba shafin a wayarta kafin ta juyo ta tambayi tsohuwar, "Inna, ina ne ke maki ciwo?" Na gyara wa mahaifiyata mayafi, na koma gefe na zauna.