Kofin Farko a Mararrabar Diko

Ran Talatar da ta wuce shekara biyar cif da rasuwar mahaifina, wanda direbobi da ’yan dakon mararrabar Diko suka sani da Baba Mai Ganye. Har yau in na ji ƙamshin dafaffen gadagi sai in canza hanya. Mai karatu ya yi mini haƙuri in zancen ya karkace.

Sana’ar Baba ita ce dafa gadagi, ganyen nan da masu aikin ƙarfi ke sha don gajiya ta sake su. Da kansa yake tsinko shi a dajin Chaza, ya shanya a kan rumfa, mahaifiyata Inna ta daka ta tankaɗe, a zuba garin a wata tsohuwar ƙwarya mai ɗinki, a rufe da faifai. Da sassafe ya ɗaura a keke, sai Diko.

Yana da wata al’ada da ta sa ake masa tsiya. Duk ranar da aka yi sabon daka, shi zai fara shan kofi guda cike, ya zauna a benci, ba mai samun ko kurɓi sai inuwar mangwaro ta janye daga kan tukunya. Akwai wani direba Bayarabe, abokin wasansa, da yakan buga ƙofar mota yana cewa, “Baba, ni Kaduna za ni, ba lahira ba, ba ni in wuce!” Baba ya ce, “Ai don kada ka je lahirar na zaunar da kai, Alhaji ba Makka.” Kowa ya yi dariya, kuma a jira.

Yau da zai dawo, sunan garinmu ma sai an koya masa: Abujar da ya sani, Suleja muke koyon ce mata. Zai kuma tarar hukuma ta sa hannu a sana’arsa. Duba-gari sun manna takarda a kasuwa da tasha: ba mai sayar da ganyen sai da lasisi, ba a shanya a ƙasa, ba a haɗawa da ƙwaya, ba a adana gari a mazubin da ya taɓa ɗaukar wani abu dabam. A unguwar Bagama na karanta ta. Da na zo layin ƙarshe sai da na zauna a bakin hanya, wata mai tallan gyaɗa ta riƙa yi mini fifita.

Ina yawan tambayar kaina me Baba zai ce da takardar nan. Na san zai ƙare wa ɗan duba-garin kallo ya ce, “Yaro, kai da za ka duba, ka taɓa sha?” Amma ban jin zai ƙi ta. Ƙaninsa, Baffa Ilu, wanda ya gaji tukunyar, shi ne ya ƙi. Ya ce doka ce ta kashe wa talaka sana’a, kuma shi bai ga dalilin zaman jiran inuwa ba, motoci na wucewa. Su kuma duba-gari, in suna wa’azin dokarsu, da Baba suke misali. Da kunnena na ji ɗayansu yana cewa, “Ba ku ga na Diko ba? Haɗinsa ne ya kashe shi.” Wannan maganar ce ta hana ni ci gaba da yin shiru. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Ba haɗin Baba ba ne. Ni ce.

Ina aji uku a sakandare, na dawo hutu kaina cike da darasin tsafta. Na dubi ƙwaryar nan mai ɗinki na ji kunya. A gidan wani maƙwabci manomi na samo gwangwani mai murfi, yana ƙyalli, wanda aka gama da maganin feshin ƙwari da ke cikinsa. An rubuta guba a jikinsa da Turanci, kuma duk gidanmu ni kaɗai ke iya karantawa. Na karanta. Na ce ai ruwa da sabulu sun fi ƙarfin komai. Sau uku na wanke, na kankare takardar, na juye sabon daka a ciki, na jefar da ƙwaryar bayan rumbu. Ƙaramin sani ƙuƙumi ne, ni kuwa a wuyan ubana na rataya nawa.

Da Baba ya gani sai fuskarsa ta washe. Sunan mahaifiyarsa gare ni, don haka Uwata yake ce mini. “Uwata ta kawo mana boko cikin sana’a,” in ji shi, yana juya gwangwanin a hannu. Wannan murmushin nake nema shekara biyar, shi ne kuma nake gudu.

Washegari na bi shi Diko don in ga an yaba aikina. Ya dafa, ya sha kofinsa, ya zauna. Mutane sun taru da kofuna, ana ta ba’a kamar kullum. Inuwa ba ta kai ga janyewa ba na ga gumi na karyo masa, yawu na zuba daga bakinsa. Ya yunƙura ya miƙe, ba wajena ya nufa ba, ba wajen masu riƙe shi ba. Tukunyar ya nufa, ya sa ƙafa ya kifar da ita, ruwan zafi ya ƙona masa sawu. Wasu suka ce ganyen ne ya juya masa kai. Bayaraben nan ne ya sauke fasinjojinsa ya ɗauke mu zuwa asibiti, yana tuƙi yana kuka. Kafin azahar Allah ya karɓi abinsa.

An ce tsautsayi ba ya wuce ranarsa, na yarda. Amma mutum nawa ke riƙe da kofi a safiyar nan? Dukansu sun koma gida wurin ’ya’yansu, saboda wani ya ɗauki wa kansa cewa cikinsa ne zai fara shaida. Layin ƙarshe na dokar nan da an rubuta shi tun da wuri, wataƙila da ina da uba. Sai dai takarda tana hana mugun mazubi ne, ba ta iya sa mutum ya sha kafin ya ba wani.

Inna ba ta karatun boko, kuma ban so ta ji a bakin maƙwabta. Shekaranjiya da hantsi na zauna a gabanta na karanta mata abin da na rubuta. Ta ji har ƙarshe. Sai ta shiga ɗaki ta fito da ƙwaryar nan mai ɗinki, a naɗe cikin tsohon rawanin Baba.

“Ranar sadakar uku na tsince ta a bayan rumbu,” ta ce. “Na shinshina gwangwanin kuma. Ina jira ne ki faɗa da bakinki, don kada abin ya cinye ki. Tashi ki wanke fuska, ki kai wa Baffanki ƙwaryar. Ki ce ya je ya karɓi takardar hukuma, kuma in ba zai fara sha ba, ya dawo mini da tukunyar mijina.”

Na kai. Baffa ya daɗe yana shafa ɗinkin ƙwaryar. Baba bai bar gona ba, bai bar gida mai kwano ba. Abin da ya bari ɗan lokacin nan ne tsakanin kofin farko da na biyu. Jiya da safe na tsaya daga nesa a Diko, don har yanzu ba na iya matsawa kusa. Na hango direbobi a tsaye da kofuna suna mita, Baffa zaune a benci, idonsa a kan inuwar mangwaro.

Allah ya jiƙanka, Baba. Uwarka ta faɗi gaskiya.