Littattafai Biyu a Ƙarƙashin Kanta

Asabar ce, Auta ba ta da aiki. Da sassafe ta fito daga ɗakinta ta tarar da mahaifinta a falo yana shan shayi, ta zauna a hannun kujerarsa kamar yadda ya sha hana ta.

"Baba, yau za ka raka ni shagon littattafai."

"Ni kuma? Ina ƙawayenki?"

"Sun ce sun tuba."

Daga kicin Ummanta ta ɗaga murya. "Malam, in za ka, ka tafi da kujera da abincin rana."

Duk gidan an san Auta da wannan. Tun tana ƙarama ba ta iya zaɓe da sauri. Takalmin makaranta ma sai ta sa na hagu daga wannan, na dama daga wancan, ta yi ta zagaye shago har mai shagon ya fara duba agogo. Yayanta ne ya raɗa mata Sai-Gobe, sunan kuma ya bi ta har jami'a. Abin mamaki, a wurin aiki ba haka take ba. Ita ke ɗaukar hoton ƙashi a asibiti, kuma ko yaro aka kawo da karyayyen hannu yana tsala ihu, kafin uwarsa ta gama lallashi Auta ta gyara masa zama ta ɗauki hoton. Amma a ajiye mata kofi biyu a ce ɗauki ɗaya, an gama da ita.

Kusa da asibitin akwai wani ɗan gidan abinci na wata tsohuwa 'yar ƙasar Sin, inda Auta take cin abincin rana. Tsohuwar ta rufe ta koma wurin 'ya'yanta, ta bar Auta da kwaɗayin wata miyar taliya mai citta. Auta ta gwada koyon dafa ta a waya, sai dai daidai lokacin da mai ya yi zafi fuskar wayar take mutuwa, ga yatsu duk maiƙo. Shi ya sa ta ce littafi take so, wanda za a buɗe ya tsaya a buɗe.

Da hantsi suka isa. Shagon siriri ne mai tsawo, da fanka ɗaya a sama, littattafan girki kuma suna can ƙurya kusa da taswirorin 'yan makaranta. Na girkin Sinawa ba su da yawa. Ɗaya ta ajiye saboda rabinsa naman alade ne. Wani kuma kayan haɗinsa ko sunansu ba a taɓa ji ba a kantunan garin. Wajen tsakar rana saura biyu a hannunta.

Na farko mai kauri ne, babu hoto ko ɗaya. Kowane abu da giram ɗinsa, kowace suya da mintinta. Na biyu siriri ne, wata mata ta rubuta shi, cike da hotunan hannuwa suna yanka albasa. A ciki ake cewa a zuba mai daidai, a jira har ƙamshin tafarnuwa ya tashi, a sa gishiri yadda mutanen gida suke so.

Malam ya yi rayuwarsa yana haɗa magani a asibiti kafin ya yi ritaya. Ya karanta shafi ɗaya na siririn ya miƙa mata.

"Wannan ba littafi ba ne, hira ce. Daidai ɗin nawa ne? Da haka nake haɗa magani da tuni ina gidan yari."

"Baba, miya ce fa, ba allura ba."

"Miya ma tana kwantar da mutum."

"To naka mai kaurin, kafin in gama awo yunwa ta kashe Umma."

"Ki ɗauki siririn ke nan."

"A'a, tsaya. Mai kaurin ya yi bayanin dalilin komai. Ni ina son in san dalili."

Mai shagon, wata dattijuwa mai saƙa hula a bayan kanta, ta daɗe tana dariya ƙasa-ƙasa. Ta ce, "'Yata, ki ɗauki duka biyun mana, ki huta, Baba ma ya huta."

"In na ɗauki biyu, gardamar zan kai gida. Kullum sai na tsaya zaɓen wanda zan buɗe, mu kwana da yunwa." Auta ta dubi wannan ta dubi wancan. "Bari dai sai gobe."

Dattijuwar ta ɗaure littattafan da roba, ta karɓi lambar wayarta, ta tura su ƙarƙashin kanta. "Suna nan. Duk ranar da kika shirya."

Bayan azahar suka tsaya wurin mai gyaran agogo aka canja wa Auta batir. Da la'asar ta wanke gashinta ta zauna a baranda tana waya da yayanta, Malam yana jin tana cewa, "Kai dai ka zo ka ci, kar ka tambayi sunansa." Da magariba ta ce kanta yana ɗan sarawa. Ya tambaye ta ko ta ci abinci, ta ce e, ya ba ta ƙwaya biyu da ruwa. Daga baya ya sha komawa kan wannan, kuma kowane lokaci amsar ɗaya ce: abin da ya kamata a ba ta ya ba ta.

Washegari tana da aikin safe. Ta faɗi a barandar asibiti da fayil a hannu. Likitan da ya fito ya sami iyayenta tsohon abokin aikin Malam ne, bai yi masa kwana-kwana ba. Ya ce jijiyar jini ce ta fashe mata a ƙwaƙwalwa, kuma babu wanda zai iya ganin haka jiya.

Da masu ta'aziyya suka ragu, gidan ya yi wa Malam faɗi. Wata safiya ya fita kawai don ya taka ƙafa, sai ga shi a ƙofar shagon. Mai shagon ta ɗago daga saƙarta da fara'a.

"Baba, sannu da zuwa. Ina 'yar tamu? Ta yanke shawara?"

Ya buɗe baki zai faɗa. Abin da ya fito shi ne, "Ba ta zaɓa ba tukuna."

"Ai na ga alama tun ranar. Kar ta damu, suna nan."

Ya tsaya riƙe da gefen kanta. Ko'ina a garin 'yarsa ta zama marigayiya, a bakin maƙwabta, a bakin abokan aikinta, har a bakin yayanta. Nan kaɗai ita yarinya ce mai jinkiri, wadda ake jira. Ya ji numfashinsa ya sauka har ƙasa, abin da bai yi ba tun ranar.

Daga nan duk Asabar sai ya je. Malam ba ya ƙarya, don haka yake auna kalmominsa kamar garin magani. Ba ta samu zuwa ba. Har yanzu ba ta ce komai ba. Duk gaskiya ne. Dattijuwar takan ciro masa littattafan ya zauna a kan benci kusa da ƙofa yana dubawa, ita kuma tana ba shi saƙo. "Ka ce mata siririn ya fi sauƙi ga mai aiki." Ko kuma, "Ka ce mata in ta yi miyar ta kawo mini ɗanɗano, ladan ajiya."

"Za ta so jin haka," in ji shi.

Yana zaune yakan ji motsin takarda daga can ƙurya, a hankali, irin na mai buɗe shafi ya koma baya ya sake buɗewa. Wani lokaci har da ɗan tsakin da take yi in abu ya gagare ta. Bai taɓa waiwayawa ba. Yakan tsayar da idonsa a kan layi ɗaya har motsin ya lafa, sannan ya mayar da robar ya yi sallama.

A gida kuwa ɗakin Auta yana rufe. Umma ta yi masa maganar kayan sau da yawa. Akwai 'yan uwa masu buƙata, kuma tufafi in sun daɗe a rufe wari suke yi. Shi dai amsarsa ba yanzu ba. Bai faɗa mata dalili ba, domin ko a ransa bai iya jera shi ba. Abin da ya sani shi ne, mutumin da ake ajiye wa littafi ba a raba kayansa.

Wata Laraba ya dawo daga aski ya tarar da Umma a teburin cin abinci, wayar Auta a gabanta.

"Mai shagon littattafai ta kira," ta ce.

Ya cire hularsa ya ajiye. Bai zauna ba.

"Wai wani yana son siririn, kuma shi kaɗai ya rage. Tana tambaya ko Auta za ta ɗauka."

"Me kika ce mata?"

"Abin da ya faru, Malam. Me zan ce?" Ta juya wayar ta kife ta. "Matar ta yi kuka. Ta ce duk Asabar kana can."

"Ban yi mata ƙarya ba."

"Na sani. Ai na san wanda na aura." Ta ci gaba ba tare da ta ɗaga murya ba. "Ka samu inda yarinyar nan take da rai, ka riƙa zuwa kai kaɗai. Ni ka bar ni a nan da ƙofar ɗakinta."

"Ke ma ai kina yi wa wayar caji."

"Ina yi. Amma da ta yi ƙara na ɗauka."

Ya ja kujera ya zauna. Can ya ce, "Kin rufe mini wurin."

"Na rufe," ta ce. "Gobe ka kai ni in gan shi."

Tare suka je. Dattijuwar ta zagayo daga bayan kanta ta riƙe hannun Umma da hannu biyu, ta kasa haɗa ido da Malam. Ta ciro littattafan ta ce su tafi da su duka, kyauta, wancan mai son siririn ya haƙura.

Umma ta shafa bangon kowanne. "Wanne ta fi so?"

"Ni dai siririn na ga tana yi wa murmushi," in ji mai shagon.

"Mai kaurin ta fi daɗewa da shi a hannu," in ji Malam.

Umma ta dube shi. "To kai ka zaɓa mata. Kai ka rako ta."

Ya ɗauki littattafan, ɗaya a kowane hannu, kamar yadda ta riƙe su. Ya san wanda shi zai saya. Yana jin ya san wanda za ta saya in don ta tsokane shi ne. Amma wanda za ta zaɓa da gaske, in an bar ta har goben da ta nema, wannan bai sani ba, kuma babu littafin da zai ɗauka ya fita da shi ba tare da ya sa mata magana a baki ba.

"Zaɓin nata ne," ya ce. "Ba ta yi ba. A mayar da su."

Mai shagon ta miƙo hannu, ya girgiza kai. Da kansa ya taka har ƙuryar da ya daɗe yana juya wa baya. Babu kowa. Iskar fanka ce take ɗaga gefen wata taswira tana saki. Ya tsaya ya saurara duk da haka, sannan ya nemi gurbin kowanne ya saka shi, ya daidaita su da 'yan uwansu.

A ƙarshen makon aka buɗe ɗakin. Tufafinta 'ya'yan ƙanwar Umma suka raba, aka bar wa Umma mayafi ɗaya da ta ce ba ta bayarwa. Fararen rigunan aiki aka kai wa wata sabuwar ma'aikaciya a sashensu, wadda tsayinsu ɗaya. Littattafan karatunta suka tafi ɗakin karatu na makarantar da ta yi. Motarta kuwa yayanta ne ya ɗauka, ya yi mako bai gyara zaman kujerar direba ba, yana tuƙi gwiwoyinsa na dukan sitiyari. Katifa da gado aka ba mai gadin layin, wanda ya yi sabon ɗaki.

Suna ganin an gama, sai matar yayan Auta ta buɗe kabad ɗin kicin na sama ta ga kwalabe uku a can baya, bayan gwangwanin madara. Baƙin ruwan waken soya, man riɗi, da wani ruwan tsami na shinkafa. Duk an buɗe su, Auta ta ɗan taɓa kowanne. Ta sunsuna ɗaya ta yamutsa fuska.

"Umma, wannan ni ban san me ake yi da shi ba."

"Mu ma haka," in ji Umma. Ta juya wurin mijinta. "Malam, a zubar?"

Ya karɓi kwalaben ɗaya bayan ɗaya, ya matsa kusa da taga, ya karanta kwanan watan da ke gindin kowacce. Mafi kusa a cikinsu sai baɗi za ta lalace.

"Da sauran lokacinsu," ya ce.

Umma ta goge su da tsumma, ta taka kujera, ta mayar da su inda aka same su.